Kafin Ki Jona Akwatunan Babanki

Ummi,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kin buɗe wannan takarda kina zaune a ɗakinki na Ngawundere, ke lafiya, kayanki lafiya. Allah Ya tsallakar da ke hawan dutsen nan da manyan motoci ke nishi a kansa, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari, Ya sa karatun da ya raba ki da Garwa ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Na san za ki yi mamaki. Kwana biyu muna zaune a tsakar gida muna ɗaure kaya, ban ce miki komai ba sai "miƙo igiya" da "kin sa bargo?" Yau kuma ga takarda shafi-shafi. Kin san halina, domin irinsa gare ki. Abin da bakina ya kasa, biro yana iyawa. Shi ya sa na jira kika fita sallama da ƙawayenki da hantsi, na zauna na rubuta, na cusa a aljihun jakarki.

Maganar sallah da tsare mutunci na daɗe da yi miki, kuma kin riƙe. Yau a kan ampili zan rubuta miki, ƙarfen nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga sifika. Kada ki yi dariya.

Kin tafi da akwatunan sifika biyu na babanki, kin tafi da na'urar kaset, amma ba ki tafi da ampili ba, tunda namu tsawar daminar bana ta kashe shi. Dole ki sayi wani a can, kuma na hannu za ki saya, don sabo ba na ɗaliba ba ne. An ce Ngawundere kayan hannu sun yi yawa, jirgin ƙasa yana sauke su daga kudu. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan: ampili marar lafiya yana iya ƙone sifika kafin mutum ya gama cewa bismillah. Kuma akwatin hagu, mai tabon wuta a ƙasa, an riga an yi masa gyara sau ɗaya. Wanda ya gyara ya ce ba zai ɗauki na biyu ba. Idan ya sake ƙonewa, shi ke nan.

Da hannunsa babanki ya yi su, da ragowar katakon maɗaci, tun kafin ya aure ni. Kafinta ne, amma kunnensa ya fi na makaɗi. Kina da shekara uku Allah Ya karɓi abinsa. Abin da ya rage mana na muryarsa kaset ɗaya ne, wanda ya naɗa a Kuseri lokacin da ya je aikin ƙofofi na wata huɗu, ya aiko da shi ta hannun direba, yadda mutane ke yi a lokacin maimakon wasiƙa. Muryarsa mai kauri ce. A ƙaramar rediyo sai ta koma ta wani mutum dabam. A cikin akwatunansa ne kaɗai ƙirjinsa ke fitowa. Wannan nake so kada ki rasa.

Sau uku na cuci akwatunan nan ko abin da ke ciyar da su, kuma duk sau ukun ba jahilci ba ne. Na sani, na yi shiru. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Na farko ina amarya. Wata maƙwabciyarmu, Adda Hurera, ta shigo ganin ɗaki, ta dubi kwalla ta yaba, ta dubi gado ta yaba, sai idonta ya faɗa kan ampilin babanki a kan kantar falo.

"Amarya, wannan baƙin ƙarfen haka za ki bar shi tsirara a falo? Sai ka ce garejin makanike. Ba ki iya saƙa ba ne?"

Na iya saƙa. Na kuma ga ramukan da ke samansa, na san na shan iska ne, don a lise, makarantar sakandare, an koya mana cewa duk abin da wuta ke ratsawa zafi yake yi. Amma Adda Hurera ta girme ni, kuma kowane gida a layinmu rediyo da talabijin suna da mayafinsu. Na kwashe mako biyu ina saƙa masa mayafi mai kauri, da furanni ja da geza a gefe. Na lulluɓe shi ruf.

Bazara ce, lokacin da Binuwai ke komawa rairayi, kwalta na kama takalmi. Na sa kaset ina tuƙa tuwon rana. Can sai waƙa ta tsaya, wani wari ya biyo ni har madafa. Da babanki ya dawo, garin katako a gashinsa, na tsaya bakin ƙofa ina murɗa gefen zane. Ya ɗaga mayafin da yatsa biyu, ya sa tafin hannu a kan ƙarfen, ya janye da sauri.

"Ke da kika yi lise," in ji shi, "mai zazzaɓi kika lulluɓa wa bargo?"

Na fara hawaye. Sai ya ɗaga mayafin sama yana dubawa ta hasken taga, ya ce, "Saƙar dai ta yi kyau. Ko ni aka lulluɓa wa wannan, sai in mutu ban yi ƙorafi ba."

An gyara ampilin, bai ƙara tada maganar ba sai in yana son ya ga na rufe fuska. To, Ummi, ampili numfashi yake yi kamar mutum. Wanda za ki saya, ki duba yana da ramukan iska, da ƙarfe mai haƙora kamar matsefi a baya ko a gefe, shi ne ke zubar da zafi. Ki sa mai kaya ya bar shi yana aiki muddin dafuwar shinkafa, sannan ki ɗora hannu. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan hannunki bai iya zama ba, ki bar masa kayansa. An ce garinku akwai sanyi, amma sanyin gari ba ya shiga ƙarƙashin mayafi. Duk wadda ta ce kin bar ƙarfe tsirara, ki ce mata haka likita ya ce.

Na biyu bayan rasuwarsa ne. Ampilin nan da na gasa bai taɓa komawa daidai ba, ya ja shekaru da ƙyar, shekara guda bayan na fita takaba ya mutu gaba ɗaya. Na yi wata biyu ban ji muryar babanki ba. Ranar wata Lahadi na yafa gyale na nufi babbar kasuwa, layin masu kayan wuta, inda ban taɓa shiga ni kaɗai ba. Maza ne tun daga farko har ƙarshe, kowace rumfa da kiɗanta.

Rumfar farko da aka ce min "Madam, bismillah" nan na tsaya, don kawai in daina tafiya ana kallona. Mai rumfar ya jawo wani mai ƙyalli kamar sabon faranti, da fitilu kore da ja suna hawa suna sauka.

"Wannan wat dubu biyu ne, Madam. Karanta da kanki, na ga alama kin yi boko. In kika kunna shi a unguwar Yelwa, sai an ji a hayin gada."

Ya jona shi da nasa sifikokin, ya murɗa har ƙarshe. Ƙirjina ya ɗauki rawa. Cikin wannan hayaniya ko tukunya aka buga sai ta yi daɗi. Zuciyata ta ce, ki ce ya rage. Ta ce, ki ce ya buɗe ki ga ciki. Da ya miƙo min na ji shi sakayau kamar busasshiyar ƙwarya, zuciyata ta ce, ina wat dubu biyu zai zauna a nan? Amma masu rumfunan gefe sun taso suna kallo, ɗaya yana cewa, "Kai, Madam ta san kaya." Na ji kunyar in zama macen da ta san kaya sannan ta ajiye. Na ɗauka na taho.

A gida, cikin shiru, sai ga shi yana gurnani kamar amya ko ba a sa komai ba. Na sa kaset. Muryar babanki ta fito kamar yana magana daga cikin tulu, in ya yi dariya sai ta tsage. Na kashe. Kunyar mayarwa ta fi kunyar saye, na tura shi ƙarƙashin gado. Shi ne wanda kika riƙa ajiye 'yartsanarki a kai.

Kyan ɗan maciji ke nan. Don haka lambar da aka rubuta da manyan haruffa a gaba, ki ɗauke ta kirarin maroƙi. Gaskiya tana baya, cikin ƙananan haruffa. A bayan kowane akwati babanki ya rubuta da fensir, har yanzu yana nan: om takwas, wat sittin, wato ma'aunin wutar da suke iya ɗauka. Ki nemi ampilin da bayansa ya ce yana ɗaukar om takwas, ƙarfinsa a kowane gefe ya kai sittin ɗin ko ya ɗara kaɗan. Kada ki ce ƙarami ya fi aminci. Ƙaramin da aka matsa wa har muryarsa ta tsage, shi ma yana kashe sifika. Ki ɗaga shi da hannu biyu. Na ƙwarai nauyi gare shi, domin taransifomar da ke cikinsa tagulla ce da ƙarfe. Kuma kada ki yarda a gwada miki da ƙara. Ki ce a cire kiɗa gaba ɗaya, ki kai kunnenki bakin sifika. Ampili mai lafiya in ba a ba shi abin faɗa ba, shiru yake yi.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Baffanki Alhaji, wan babanki, lokacin yana fatauci ta Mayo-Ulo, yana shigo da kaya daga Najeriya. Ya ji labarin ba mu da ampili. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga shi da kwali a kafaɗa, yana fara'a. Alheri ya yi niyya, Allah Ya sani.

Kin san tsakanin mace da wan mijinta. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa zama a kujera yana ɗaki ba. Na durƙusa a gefen ƙofa na gaishe shi, ya amsa, ya naɗe hannun riga ya hau jona wayoyi da kansa. Daga inda nake ina ganin bayan ampilin. Murfin gidan fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, ya ɓace, kuma abin da ke ciki ba fis ba ne, takardar azurfa ce ta kwalin sigari aka naɗe aka cusa. Na san ma'anar wannan. Fis ya ƙone, an sa wani ya ƙone, sai aka toshe bakin mai gargaɗi. Na sunkuyar da kai.

Ya danna maɓalli. Akwatin hagu ya ce dum. Baƙar takardar sifikar ta turo gaba, ta tsaya cak, ba ta koma ba. Ummi, na taɓa ganin wannan. Malaminmu na kimiyya ya taɓa jona batir da wata tsohuwar sifika a gaban aji, takardar ta turo ta tsaya haka, ya ce, "In kuka ga wannan, wuta ce tsaye take shiga, tana dafa wayar ciki. Ku kashe nan take." Har maki na ci a kan wannan tambaya.

"Alhaji, a kashe." Abin da ya kamata in ce ke nan. Na buɗe baki, na ji nauyin in gyara wa wan mijina a gaban kayan da ya ɗauko min daga wata ƙasa. Na rufe. Shi kuwa yana murɗa maɓalli yana cewa, "Bari ya ɗumama tukuna, kayan Turawa haka suke."

Ke ce kika yi magana. Kina da shekara biyar, kina tsaye a jikin gwiwarsa. Kika toshe hanci kika ce, "Baffa, akwatin Baba yana wari."

Kafin ya fizge waya, siririn hayaƙi ya riga ya fito ta ƙasa. Baffanki ya zauna daɓas a kan tabarma. Ya zuba wa akwatin ido. Sannan ya juyo, karo na farko ya dube ni sosai.

"Kin gani tun farko?"

Na gyaɗa kai.

"Me ya hana ki magana?"

Na ce, "Na ji nauyi, Alhaji."

Ya ce, "Nauyina kika ji, kika bar ni na ƙone abin da ƙanina ya yi da hannunsa? Wannan ba ladabi kika yi min ba. Da kin daka min tsawa, da na gode miki."

Idonsa ya yi ja, ya tashi ya fita ko ruwan da na kawo bai sha ba. Na yi zaton fushi yake da ni. Ashe kuka ya je yi inda ba zan gani ba.

Washegari ya aiko da amalanke aka ɗauki akwatin, na bi shi a ƙafa har shagon Baba Luka. Ba lallai ki tuna shi ba. Tsoho ne Kirista da ya sauko daga duwatsu tun yana saurayi ya koyi gyaran rediyo, Hausarsa rabi Fulatanci, tabarau ɗaure da zare. Babanki ne ya yi masa teburin aikinsa. Da ya ga akwatin sai ya shafa katakon kamar yana gaisawa da mutum.

Ya kwana uku yana naɗa sabuwar waya, siririya kamar gashi, da hannu. Ranar da na je karɓa ya ce, "Madam, takardar ta tsufa, na ɓamɓare ta sau ɗaya ta yi haƙuri. In aka sake, za ta yage a hannuna. Irin ta kuma ba a kawowa yanzu. Yaya aka yi?"

Na ba shi labari duka. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kin san om?"

Na ce na sani.

"Kin san wuta tsaye?"

Na ce na sani.

"To ba ampili ne ya lalace ba, bakinki ne. Shi za mu gyara. Ce, 'A buɗe min.'"

Na yi murmushi na rufe fuska da gyale.

"Ba wasa nake ba. Ni ne mai kaya, ga ampili. Ce."

Na ce, "A buɗe min."

"Sauro ne ya wuce? Kunnena ya tsufa, 'yata."

Sai da na faɗa sau biyar, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Luka, buɗe mata mana, me ka ɓoye?" Muka yi ta dariya, ni ina yi ina share hawaye. Tun rasuwar babanki ban yi irin ta ba.

Rannan ya buɗe ampili uku a gabana ya nuna min abin da zan nuna miki yanzu. In an ɗaga murfi, fara da hanci. Ƙura ba komai ba ce, amma warin ƙuna ba ya ɓuya ko an goge. Akwai wasu gwangwanaye a ciki masu kama da manyan batura. Kansu ya zama a shafe, ba tudu. Wanda ya kumbura ko ya yi dalalar wani abu a gindinsa, ya gaji. Ki duba ko akwai wurin da allon ya yi baƙi, ko inda aka yi ɗori da waya barkatai. Gyara mai tsabta ba aibi ba ne, kayan hannu ba ya rasa tabo, amma mai kaya ya faɗi abin da aka canza. Ki ciro fis ki gani da idonki, gilashi ne da siririyar waya a ciki, ba takardar sigari ba. Ki karanta inda wayar wuta ta shiga: ɗari biyu da ashirin ne namu. Akwai waɗanda ake kawowa daga ƙasashen da wutarsu ɗari da goma ce, in aka jona su a nan sai hayaƙi. Sannan na'urar kaset ɗinmu ba ta da abin rage ƙara, don haka dole ampilin ya zama yana da nasa maɓallin, in ba haka ba zai saki ƙarfinsa duka a kan akwatunan lokaci guda. Ki murɗa maɓallin a hankali ki ji ko yana ƙarar yashi. Ki saurari dama ita kaɗai, ki saurari hagu ita kaɗai.

Na ƙarshe shi ne babba. Kowane mai gyara yana da mita mai allura. Ki ce a kunna ampilin babu sifika, babu kiɗa, a ɗora mitar a inda wayar sifika ke fita, gefe ɗaya bayan ɗaya. Allurar ta kwanta a sifili. In ta ɗaga kai, wannan ita ce wutar da ta ci akwatin hagu. Mai kayan da ya ce ba shi da mita, ki ce ku je wurin mai ita. In ya ƙi, ya riga ya ba ki amsa.

Baba Luka ne ya samo mana wanda kika taso kika gani, baƙi, mummuna, gefensa a lotse, mai nauyin dutsen niƙa. Fitila ɗaya tak ce gare shi. Ya yi mana shekara goma sha huɗu bai taɓa ɗaga murya ba. Baba Luka ya koma dutsensu tuntuni, idonsa ya daina ganin waya. A Ngawundere ba ki da shi. Bakinki kawai gare ki.

Ki duba cikin ƙaramar tukunyar da na sa miki, akwai safa a ƙulle. Sifikar tsohuwar rediyon kakarki ce a ciki, na sa mata waya biyu. Ita ce zakaran gwajin dafi. Ki tafi da ita kasuwa. Ko an yi gwajin mita, in kin kawo ampilin ɗaki, ita za ki fara jonawa, dama sannan hagu, ki bar ta ta yi yini tana waƙa ƙasa-ƙasa. In ta kai la'asar da ranta, sannan ki kashe, ki mai da maɓalli sifili, ki jona akwatunan babanki. Lokacin da za ki kunna, idonki a kan takardar, yatsanki a kan maɓalli. In ta turo ta tsaya, ki kashe, ko wane ne a ɗakin, ko shugaban makarantarku ne ya kawo miki shi kyauta.

Na san ki, Ummi. Na ga yadda kike karɓar tumatir ruɓaɓɓe a hannun mai talla don kada ki ce a canza. A wurina kika gada, ban kuma ce ki zubar da kunyarki ba, ado ce. Amma ki tuna kina da shekara biyar kika faɗi abin da uwarki ta kasa. Wannan yarinyar tana nan a cikinki. Za su ce, "Madamazel, injiniya ce ke?" Za su yi dariya. Ki bar su su gama, ki sake cewa a buɗe miki. Dariyar kasuwa ba ta bin mutum gida.

Na ce miki sau uku ne. Akwai na huɗu, kuma shi ne dalilin da ya sa na kasa yi miki wannan magana baki da baki.

Kin san duk lokacin da muka sa kaset ɗin babanki, da Sallah ko ranar da kika ci jarrabawa, in ya gama waƙar nan da yake yi miki, ya ce a gaishe da mutanen layi, sai in tashi in danna maɓalli. Kin taɓa tambayata ko akwai saura, na ce sauran ƙarar zarto ce kawai. Ba gaskiya na faɗa miki ba. Akwai ƙarar zarto, amma bayanta ya dawo ya yi magana. Ya tsokane ni a kan mayafi. Sannan ya ce, akwatunan nan biyu na Ummi ne, ranar da za ta bar gida, ko aure ko karatu, a ɗora mata su a mota, don ta san ubanta ya iya wani abu ban da ƙofa.

Shekara goma sha bakwai ina tsayar da shi kafin ya faɗi wannan. Ina tsoron ranar da za ki ji, ki ce a ba ki, falon nan ya zama babu shi. Na riƙa ce wa kaina tsoron kada kaset ya tsinke ne ya sa ba na yawan sa miki shi. Kin tashi kina jin muryar ubanki sau biyu ko uku a shekara, alhali yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. Wannan ya fi ƙona sifika, kuma babu Baba Lukan da zai naɗa min shi. Ki yafe min.

Da na ce a ɗora akwatunan a mota kika ce, "Inna, ke fa?" na ce sun tsare min wurin shara. Yanzu kin san ba kyauta na yi miki ba, kayanki na mayar.

Kaset ɗin yana ƙasan jakarki ta hannu, naɗe cikin mayafin nan mai furanni ja. Har yanzu akwai inda zafi ya ɗan ƙona shi a tsakiya. Ki shimfiɗa shi a ƙarƙashin ampilin, kada a kai. Kada ki damu da ni. Na haddace kaset ɗin tun daga sallama har inda ya yi tari, ina jin sa ko ina tsakiyar kasuwa. Ke ce ba ki gama ji ba.

Kada ki yi gaggawar saye. Ko zai ɗauke ki wata biyu kina zagaya rumfuna, akwatunan sun iya jira. Amma in kin samu na ƙwarai, kada ki yi irin tawa. Ki sa kaset ɗin ranar da kika ga dama, ranar Talata ma, ba sai da Sallah ba. Ki bar shi ya kai ƙarshe.

Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, a aji da kasuwa. Ya ba ki ido mai gani da bakin da zai faɗi abin da ido ya gani. Ya jiƙan babanki, Ya haskaka makwancinsa, Ya dawo min da ke lafiya lokacin hutu. In kin zo, ki faɗa min yadda muryarsa take a ɗakinki.

Wassalam.

Innarki